Ɗan ƙanwata ya samu aiki a shagon kayan gini: ya karɓa ko ya dakata?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa aiki a manyan shagunan nan na kayan gini da gyaran gida. Ɗan ƙanwata ne ya zo wurina nan Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, bara, takardunsa sun cika, yanzu kuma wani babban shago ya kira shi. Sun ce dala 16 a awa, a ɓangaren katako da siminti, amma na rabin lokaci, wai idan ya nuna ƙwazo za a mayar da shi cikakken ma'aikaci. A halin yanzu wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci. Kuɗin bai kai haka ba, amma awanninsa ba sa canzawa. Uwarsa tana Maraɗi tana jiran abin da zai aiko duk wata. Yaron sai zumuɗi yake, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me kuka sani?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ya koma ya tambaye su awa nawa za su ba shi a mako, kuma ko za su rubuta masa. Dala 16 ba ta gaya miki komai ba sai kin san sau nawa za a ninka ta. Ni aikin dare nake yi a irin wannan shago a nan Niyok, ba zan kama suna ba. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin da kowa ke gyaran lambu da shinge, za su cika shi da aiki har ya gaji, awa 35 a mako ba wani abu ba ne. Da sanyi ya shigo, Janairu da Fabrairu, sai ya buɗe waya ya ga awa 12. Yi lissafi: 35 sau 16 dala 560 ke nan, 12 sau 16 kuwa 192, kafin a cire haraji. Mai gidan haya bai san da Janairu ba.

Baba Tanko:
Ɗan Zango, ka fara da tsoratar da ita. 'Yata, ni na yi shekaru a wannan sana'a kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma ban yi da-na-sani ba. Na shiga ban san bambancin bututun ruwan zafi da na sanyi ba, na fito ina iya haɗa famfo da wayar wuta da shimfiɗa tayil. Da wannan ilimin na gyara gidana da hannuna. Me yaro zai koya a wanke faranti? A irin waɗannan shagunan akwai sayen hannun jarin kamfani da rangwame, akwai kuɗin fansho da kamfani ke ƙara maka a kai, Home Depot ma sau biyu a shekara take raba wa ma'aikata wani abu idan shago ya yi ciniki. Waɗanda suka kafa ta a Atlanta a 1978, Bernie Marcus da Arthur Blank, su kansu korarsu aka yi daga wani shagon kayan gini, kuma abin da suka gina kasuwarsu a kai shi ne ɗaukar tsofaffin kafintoci da masu gyaran famfo su tsaya su koya wa mai saye. Ya karɓa, ya yi haƙuri, ya riƙe gaskiya.

Malam Habu:
Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, sai dai zamanin da kuke magana a kai ya ɗan ja baya. A ƙarshen 2000 Home Depot ta ɗauko Robert Nardelli daga General Electric ta ba shi shugabanci. Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne rage cikakkun ma'aikata masu sanin sana'a da cike gurbinsu da 'yan rabin lokaci don rage kashe kuɗi. Masu saye suka yi ta ƙorafin ba su samun mai taimaka musu. Da ya sauka a Janairun 2007 an sallame shi da kimanin dala miliyan 210. Waɗanda suka gaje shi sun gyara abubuwa da dama, amma dogaro da 'yan rabin lokaci ya zauna daram, ba a wannan kamfani kaɗai ba, a duk manyan shagunan Amurka.

Akwai kuma dalilin da ya sa awanni ke tsayawa inda suke tsayawa. Dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta ce babban kamfani dole ya ba ma'aikacin da ke yin awa 30 a mako inshora, in ba haka ba ya biya tara. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta yawo tsakanin 20 da 28. A 2013 Home Depot ta sanar da daina ba 'yan rabin lokaci inshorar jinya, kimanin mutum 20,000, ta tura su su saya a kasuwar inshora ta gwamnati. Haka kuma dokar hutun jinya ta 1993, wadda ke ba ka mako 12 ba tare da an kore ka ba idan kai ko iyalinka ba lafiya, sai ka cika shekara guda kuma ka yi awa 1,250 a cikinta. Raba wannan da mako 52, kusan awa 24 ke nan kowane mako. Wanda ake jefa wa 12 a lokacin sanyi zai iya cika shekara bai kai ba.

Auwalu Sabon Gari:
Ni dai ina nan Kano ina karanta ku ina mamaki. Dala 16 a awa ɗaya kuke tattauna ko a karɓa? Ku zo Ƙofar Ruwa ku ga yaran da ke sauke siminti daga tirela a ka, ba takalmi, ba safar hannu, ba wanda ya san sunansu in sun faɗi. Mafi ƙarancin albashi a nan naira 70,000 ne a wata, shi ma ba kowa ke biya ba. Hajiya, ki ce masa ya gode wa Allah ya kama aiki.

Ɗan Zango:
Malam Auwalu, ba wanda ya ƙi godiya. Amma shi ba a Ƙofar Ruwa zai biya haya ba, da dala zai biya, da dala zai sayi inshorar mota, kuma a Greensboro in ba ka da mota aiki ma wahalar zuwa yake. Wahalar yaran can gaskiya ce, tana min ciwo, ni ma a Kumasi na yi dako kafin in fito. Amma ba za ta zama dalilin da zai sa yaro ya saki aikin da ke hannunsa ya kama wanda bai san awanninsa ba.

Hajiya Binta:
Maman Ummi, 'yar'uwa, gara da aka sa shi katako ba a kan kanta ba. Ni kashiya ce a irin wannan shago, kuma abin da ya fi damuna ba tsayuwa ba ce, duk da cewa ƙafafuna suna kumbura kafin in tashi. Katin bashi na shago ne. Kowane mai saye sai ka tambaye shi ko yana son buɗe kati. A ɗakin hutunmu akwai farin allo, an jera sunayenmu, gaban kowane suna an rubuta kati nawa ya samo a makon. Wanda ya samo da yawa a zana masa tauraro da jan alƙalami, wanda bai samo ba a bar sifili a gabansa kowa na gani yana cin abinci. Ruwan da ke kan waɗannan katunan yana kai kusan kashi 30 cikin 100. Wata rana wata tsohuwa ta zo sayen injin dumama ruwa, nata ya fashe cikin sanyi, tana ƙirga kuɗi a jaka hannunta na rawa, sufabaiza yana tsaye a bayana yana jiran ya ji na yi mata tallan kati. Na yi mata, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce a'a, na ji daɗin da ta ce a'a. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan gudun riba, ga mu muna kiran mutane zuwa gare ta don kada a rage mana awanni.

Ba wanda zai ce miki an rage miki awanni saboda kati. Kawai jadawalin mako mai zuwa zai fito, ki gani da idonki.

Sani Kafinta:
Hajiya, ba wanda ake tilasta wa buɗe kati. Ni ina da shi, ina sayen kayan aiki da shi, ina biya kafin wa'adi, ko kwabo ba na ba su na ruwa.

Hajiya Binta:
Kai ɗan kwangila ne Malam Sani, kuɗi na shigo maka. Ba irinka nake tausayi ba.

Maman Ummi:
Hajiya Binta, kin taɓo abin da ban ma yi tunaninsa ba. To sallah fa? Yaron nan ba ya wasa da Juma'a.

Malam Habu:
Nan kam doka tana bayansa, kuma ta fi ƙarfi yanzu fiye da da. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, sai in hakan zai jawo wa kamfani wahala ta gaske. Shekaru da dama kotuna suna fassara wannan da sauƙi, ɗan ƙaramin kashe kuɗi ma ya isa kamfani ya ƙi. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar Gerald Groff, wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi. Ta ce sai kamfani ya nuna asara mai yawa idan aka auna da girman kasuwancinsa. Shago mai ma'aikata sama da ɗari zai sha wuyar nuna cewa awa biyu na ranar Juma'a za su durƙusar da shi. Kafin wannan, a 2015, kotun ta ba wata yarinya Musulma gaskiya a kan shagon tufafi na Abercrombie & Fitch da suka ƙi ɗaukarta saboda ɗankwali.

Amma ya nema a rubuce, tun ranar farko, ta imel, ya ajiye kwafi a wayarsa ba a kwamfutar shago ba. Ya rubuta a fili: Juma'a daga ƙarfe kaza zuwa kaza, da 'yan mintoci na azahar da la'asar a cikin hutunsa, da ranakun Sallah biyu. Manajoji suna canzawa kamar me, alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi. Idan aka ƙi ko aka fara takura masa, hukumar EEOC, mai kula da wariya a wurin aiki, ke karɓar ƙorafi, kuma wa'adinta kwana 180 ne, a wasu jihohi 300. Hajiya Binta, ke ma kina iya neman a mayar da ke wani ɓangaren da ba a auna mutum da kati, ki ambaci addini a cikin takardar.

Ɗan Zango:
Gaskiya ne Malam, sai dai ga yadda abin ke faruwa a ƙasa. Kwamfuta ce ke tsara jadawali, tana duba cinikin da ake sa rai da lokutan da kowa ya ce yana da sarari. Wanda ya ce kullum yana nan, safe da dare, Asabar da Lahadi, shi ke kwashe awanni. Ranar da ka toshe wani lokaci, ko don sallah ko don wani aiki na biyu, sai naka su ragu, kuma ba ka da hujjar da za ka nuna. Sa'ar da yake da ita ita ce Asabar da Lahadi su ne ranakun da suka fi buƙatar mutane, abokan aikinsa da yawa kuma suna son Lahadi don coci. Ya ce musu zai riƙe Lahadi kullum a madadin rana tsakar Juma'a. Na ga wannan ya yi aiki.

Sai maganar jiki, wadda ta fi komai. Buhun kankare na nan fam 80 ne, wajen kilo 36. Ɗan kwangila zai zo da asuba ya ce a loda masa 40, kuma dokar shago ta ce a ɗauka mutum biyu, amma na biyun yana can ana kiransa a fenti. Yaro mai jini a jika zai ce ai ba komai. Akwai wani ɗan'uwanmu ɗan Afirka ta Yamma da muka yi aiki tare, bayansa ya riƙe yana loda allunan bango, ya ji kunyar faɗa don sabo ne, ya sha magani ya ci gaba. Bayan wata biyu ƙafarsa ta fara mutuwa. Da ya je neman diyyar rauni sai aka tambaye shi ina rahoton ranar da abin ya faru. Babu. Aka ce wa ya san ko a gida ya ji ciwon. Yanzu Uber yake ja, da matashi a bayansa.

Don haka ko tsinken katako ne ya shige masa hannu, ya sa a rubuta a ranar. Kuma kada ya hau foklif, motar ɗaga kaya, sai an horar da shi an ba shi lasisin shago, ko wane ne ya ce ya ɗan matsar da ita. Idan ana sauke kaya daga sama, a rufe layin da na bayansa da shinge, wani ma'aikaci riƙe da tuta yana gaban motar. Ranar da aka yi gaggawa aka tsallake wannan, in wani abu ya faɗo, sunan direba za a rubuta, ba na wanda ya ce a yi sauri ba.

Baba Tanko:
Wannan kam na sa hannu. Gwiwar da nake fama da ita daga kan simintin ƙasan shago ta samo asali. Ya sayi takalmi mai kyau ko da zai ci rabin albashin farko.

Hajiya Binta:
Ki kuma ja masa kunne a kan ɓarayi. Kada ya tare kowa, kada ya bi kowa waje. Yaranmu suna zuwa da tarbiyyar cewa amanar dukiyar maigida a wuyanka take, sai su ga mutum ya turo kura cike da injinan huda bango zai fita, jininsu ya hau. A nan jiharku, a garin Hillsborough, a 2022, wani dattijo mai shekara 82 da ke aiki a Home Depot ya matsa kusa da wani da ya ɗauko kaya zai fita, mutumin ya ture shi ya faɗi, bayan 'yan makonni ya rasu. A 2023 kuma a Jojiya, Lowe's, wani babban shagon kayan gini, ta kori wata mata mai shekara 68 da ta riƙe kurar ɓarayi har suka naushe ta a fuska, saboda ta karya dokar kamfani. Sai da labarin ya bazu aka mayar da ita aiki.  Ya kira manaja ya koma gefe.

Sani Kafinta:
Kuna ta jero laifuffuka, amma ku faɗi ɗaya gefen. Ni kullum da ƙarfe shida ina cikin waɗannan shagunan. Na san mutanen da suka fara da tura kura a filin ajiye motoci, yau su ne manajoji. Marvin Ellison da ke shugabantar Lowe's tun 2018 baƙar fata ne, kuma da aikin gadi na rabin lokaci ya fara a shagon Target. In da wurin ya lalace kamar yadda kuke faɗa, me ya sa ma'aikatan Home Depot na Filadelfiya suka ƙi ƙungiyar ƙwadago a Nuwamban 2022? Ƙuri'a 165 suka ce a'a, 51 kawai suka ce e. Bayan haka a Fabrairun 2023 kamfanin ya ware dala biliyan 1 don ƙarin albashi, ya ce ba inda za a fara da ƙasa da dala 15, alhali mafi ƙarancin na tarayya yana nan a 7.25 tun 2009.

Malam Habu:
Alƙaluman nan daidai suke Malam Sani. Amma mutumin da manaja ke riƙe da awanninsa, a ƙasar da kusan kowace jiha ana iya sallamar ka ba tare da an faɗi dalili ba, ƙuri'arsa ta a'a ba lallai tana nufin ya gamsu ba. Waɗanda suka nemi ƙungiyar a Filadelfiya, ƙarancin ma'aikata da albashi da rashin horo suka yi kuka da su, abubuwan da Ɗan Zango ya lissafo ke nan. Kuma ƙarin albashin ya zo a lokacin da shaguna ke rububin ma'aikata bayan korona.

Wasu gyare-gyaren ma ta hanyar kotu suka biyo. A 2023 Home Depot ta amince ta biya dala miliyan 72.5 a Kalifoniya don kashe wata ƙara, wadda a ciki ma'aikata suka ce bayan sun buga tashi ana barinsu a kulle cikin shago suna jiran manaja ya buɗe ƙofa, ba a biyansu wannan lokacin. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya biya. A farkon 2023 ɗin kuma ya daina zagaye lokacin aiki zuwa kwata na awa, ya koma biya minti da minti, bayan ƙararraki a kan hakan. Hajiya, ki ce wa yaron ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da fitarsa a ɗan littafi, ya gwada da takardar albashi. Duk abin da ya haura awa 40 a mako, ninki ɗaya da rabi ne. Kuma yana da 'yancin tattauna albashinsa da abokan aiki, doka ta kare wannan ko babu ƙungiya, kada wani ya ce masa haramun ne.

Sani Kafinta:
Ban musa ba. Ni dai abin da nake gani, yaron da ya iya auna katako ya san kayan famfo, 'yan kwangila ma za su yi ta zawarcinsa. Biyu daga cikin yarana a can na samo su.

Auwalu Sabon Gari:
To yanzu na fahimci inda matsalar take. Mu a nan ko ba komai yaron shago ya san gobe da safe zai fito. Allah ya zaɓa masa mafi alheri.

Maman Ummi:
Amin. Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na zaunar da shi na karanta masa duka, yau ya koma ya ga matar da ke ɗaukar ma'aikata. Ta ce ba za ta iya rubuta masa adadin awanni ba, amma yanzu zai riƙa samun wajen 25, kuma ta faɗa masa da bakinta cewa suna raguwa bayan Kirsimeti. Maganar Juma'a ta ce ba matsala, ya ce zai aiko mata a rubuce, ta ce ya aiko. Shawarar da muka yanke ita ce ba zai bar gidan abincin ba. Zai roƙi mai gidan ya bar masa dare huɗu, ya ba shagon safiya da Asabar da Lahadi. Abin da ban sani ba shi ne ko jikinsa zai ɗauki biyun, ga azumi na tafe.

Ɗan Zango:
Madalla da bai saki na farkon ba. Game da azumi, ya nemi shif ɗin buɗe shago, na ƙarfe biyar ko shida na safe. Lodin 'yan kwangila mafi nauyi da sassafe ake yinsa, lokacin sahur na jikinsa, kafin la'asar ya tashi. Daren gidan abincin kuma ya rage su zuwa biyu a watan, ya gaya wa mai gidan tun yanzu. Sannan ya riƙa duba shafin guraben aiki na cikin gida duk mako. Cikakken aiki ya fi fitowa a ɓangaren sauke kaya na dare da masu jera kaya, kuma ba manajan da zai zo ya taɓa shi a kafaɗa ya ce ga shi, sai ya cike da kansa. Idan wata shida suka wuce ba labari, Hajiya ki dawo nan ki faɗa mana, akwai ɗakunan ajiyar kaya a yankinku da ke ɗaukar mutum awa 40 tun ranar farko.